Kwanar Ƙarshen Gona: Sharhi Kan Faɗuwar Jiragen Feshi da Abin da Ake Kira Kuskuren Matuƙi

Dattawan karkarar Djougou da Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin, sun san ƙarar jirgin feshi, sai dai a kan koguna suka san shi, ba a kan gonaki ba. A shekarar 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, har da Benin da Nijar, daga baya ya kai ƙasashe 11. A lokacin, duk mako jirage masu saukar ungulu da ƙananan jirage masu fiffike kan bi koguna ƙasa-ƙasa, suna zuba magani a wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi, inda tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar ke maƙalewa. Ɗaya daga cikin manyan sansanonin jiragen yana Kara ta ƙasar Togo, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 daga Djougou ba. Kafin a rufe shirin a ƙarshen 2002, an ƙiyasta ya hana mutum dubu 600 makancewa, ya kuma sa an koma noma a filaye masu faɗin hekta miliyan 25 da a da aka gudu aka bari. Ko bayan rufewar, an ci gaba da feshi na wasu shekaru a saman kogin Ouémé, wanda tushensa ke kusa da Djougou.

Wannan ya isa shaida cewa jirgin feshi alheri ne idan ya samu tsari. A ƙasar Hausa ma ba baƙo ba ne. Da shi aka yaƙi fara a Nijar a 1988 da 2004, da shi kuma ake bin tsuntsun jan-baki a fadamun shinkafa na Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe. A yau Benin tana sahun gaba a noman auduga a Afirka, ta haura tan dubu 700 a kakar 2020 zuwa 2021, kuma duk inda noma ya girma haka, maganar feshi ta sama ba ta daɗewa ba ta taso ba. Saboda haka ya kamata a fahimci abin da ya fi kashe matuƙan waɗannan jirage tun kafin su yawaita a kanmu. A ƙasashen da suka daɗe suna aikin, abu biyu ne ke kan gaba: karo da waya ko bishiya ko turke, sai kuma faɗuwa a kwana, lokacin da jirgi ya kai ƙarshen gona zai juyo. Na biyun shi ne batunmu, domin shi ne wanda aka fi saurin rufe maganarsa da cewa kuskuren matuƙi ne.

Yadda fiffike ke sakin iska

Matuƙa suna kiran abin sitol. Mutane da yawa kan ɗauka inji ne ke mutuwa, alhali inji na iya kasancewa yana ruri da dukkan ƙarfinsa jirgi ya faɗo. Matsalar a fiffike take.

Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda yadda yake tarar iska a ɗan karkace. Duk macen da ta taɓa shiƙa a fili ta san wannan a hannunta: in ta riƙe faifai a kwance iska sai ta wuce shi, in ta ɗan ɗaga bakinsa sai ta ji yana neman tashi sama, in kuwa ta ɗaga shi da yawa sai tashin ya ƙare, iskar ta koma tura shi baya kawai. Haka fiffike yake. Muddin kusurwar da yake tarar iska da ita ba ta wuce iyaka ba, iskar tana bin bayansa a lafe, tana ɗauke da jirgin. Iyakar a yawancin jirage tana wajen digiri 15 zuwa 18. Da an wuce ta, iskar sai ta rabu da saman fiffiken ta hargitse, ɗagawa ta ragu farat ɗaya, hancin jirgi ya rusuna ko fiffike ɗaya ya zube.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne tunanin cewa sai jirgi ya yi sanyin gudu sannan hakan ke faruwa. Gaskiyar ita ce yana faruwa a kowane gudu, in dai an ja sandar tuƙi baya fiye da kima. Gudun da aka rubuta a littafin jirgi cewa a nan yake sakin iska, an auna shi ne jirgi yana tafiya miƙe, da nauyi sananne. Da zarar an kwantar da shi a kwana, lissafin ya canza. A kwana mai karkatar digiri 45, in ana so a riƙe tsayi, fiffike yana ɗaukar nauyin jirgi sau 1.4, gudun sitol kuma ya ƙaru da kashi 19 cikin 100. A digiri 60 nauyin ya ninka biyu, gudun ya ƙaru da kashi 41 cikin 100. A digiri 75 nauyin ya kusa ninka huɗu, gudun ya kusa ninka biyu. Jirgin da ke sakin iska a kilomita 110 cikin awa yana miƙe, a kwanar digiri 60 zai sake ta a kilomita 155. Matuƙin da ya kalli agogon gudu ya ga 150 ya ce da sauran rata, a lokacin ya riga ya faɗa.

Maganinsa guda ne, kuma ya saɓa wa abin da jiki ke so: a tura sanda gaba, a runtse hanci, a bar iska ta sake kama fiffike, sannan a daidaita a ɗago. Wannan yana cin tsayi. Jirgin da ke can sama yana da tsayin da zai bayar. Ko shi ma ba kullum yake tsira ba: ranar 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris ya saki iska a tsayin kusan kilomita 11, ya yi ta gangarowa har cikin tekun Atlantika, mutum 228 suka rasu, domin waɗanda ke tuƙi ba su gane halin da suke ciki da wuri ba. To ina ga wanda tsakaninsa da ƙasa bai fi tsayin rimi biyu ko uku ba?

Abin da ke faruwa a ƙarshen gona

Mu bi matuƙin feshi layi ɗaya. Ya shigo gona yana gudun kilomita 200 cikin awa, wato mita 55 a kowace daƙiƙa, tayoyinsa mita 3 ko 4 daga kan shuka. Hannun dama yana kan sanda, na hagu yana tsakanin maƙurar inji da mabuɗin magani, idonsa yana raba kallo tsakanin fitilun na'urar da ke nuna masa layi da bishiyoyin da ke tunkaro shi. Gona mai tsawon mita 500 ya ƙare ta cikin daƙiƙa 9. Ya rufe magani, ya ja sanda ya haye bishiyoyi. Hawan nan yana cinye gudu. A daidai lokacin da gudun ya fi raguwa, a lokacin ne zai kwantar da jirgi ya juyo, ya sake saita kansa da layi na gaba. Wato wurin da ya fi buƙatar gudu, nan ne ya fi ƙarancinsa.

Yanzu a ce iska ta ɗan tura shi, ya ga zai zarce layin. Zuciya ba ta son a ce an sake zagayowa, sai ya ƙara jan sanda don kwanar ta matse. Ko kuma, don yana tsoron ƙara kwantar da jirgi kusa da ƙasa, ya taka fedar wutsiya ta ɓangaren da yake juyawa don hancin ya zo da sauri. Wannan takun shi ne mafi muni. Yana sa fiffiken da ke ciki, wanda ke kallon ƙasa, ya rage gudu ya riga ɗan'uwansa sakin iska. Jirgin sai ya kife ta wannan gefen cikin ƙiftawar ido, ya fara wulwulawa hanci ƙasa. Fita daga wulwulawa tana buƙatar ɗaruruwan mita, shi kuwa yawanci bai kai mita 100 ba. Waɗanda ke ƙasa abin da suke gani kawai shi ne jirgi ya hau, ya karkata, ya kife.

Akwai kuma ruɗin ido. Kusa da ƙasa, mutum yana auna gudunsa da yadda bishiyoyi ke wucewa. In iska tana bayansa, ƙasa sai ta riƙa gudu da sauri, ya ji kamar yana da gudu mai yawa, alhali fiffike ba ruwansa da ƙasa, iskar da ke ratsa shi kaɗai ya sani. Da yawa sun ja sanda a kan wannan ji.

Me ya sa ƙwararre zai matse kwana, bayan ya san duk wannan? Saboda a kwana ba a fesa komai, kuma a yawancin wurare da hekta ake biya. Wanda zai yi kwana 200 a yini, in ya rage daƙiƙa 5 a kowace, ya samu kusan minti 17, kusan lodi guda ke nan. Yau ya matse ya wuce lafiya, gobe ma haka, har matsewar ta zama ɗabi'a. Ratar da ke tsakaninsa da iyaka tana ta ƙanƙancewa bai sani ba, sai ranar da zafi ya ƙaru ko tanki ya fi cika ko barci bai ishe shi ba.

Kaya da zafi da irin gonakinmu

Jirgin feshi tanki ne da aka yi wa fukafukai. Tsohon Piper Pawnee yana ɗaukar kusan lita 570. Air Tractor AT-502 yana ɗaukar kusan lita 1,900, kusan tan 2 ke nan, abin da ya yi kusa da nauyin jirgin kansa in babu komai a cikinsa. Babban wansa AT-802 yana ɗaukar lita 3,000. Wannan na nufin jirgin da matuƙi ya tashi da shi a cike, da wanda zai sauka da shi bayan rabin awa, halinsu ba ɗaya ba ne. Kwanar da ya yi cikin sauƙi a ƙarshen lodin da ya wuce, in ya maimaita ta a farkon sabon lodi tana iya kashe shi. Shi ya sa ake sa wa waɗannan jirage wani hannu na musamman, wanda in an ja shi tanki ke zubar da kayansa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Amma matuƙin da ya san za a cire kuɗin maganin daga albashinsa, ko za a yi masa kallon rago, yakan yi jinkirin kai hannu wurin.

Sai zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela da inji duk suna samun ƙasa da abin da suka saba. Parakou tana tsakanin mita 300 zuwa 400 daga doron teku, tsayin da ba ya tayar wa kowa hankali. Amma da rana a watan Maris ko Afrilu, in zafi ya kai digiri 38, jirgi yana aiki ne kamar yana filin da ya haura mita 1,200. Zai ci doguwar hanya kafin ya tashi, hawansa ya yi nauyi, bishiyar da ya haye da asuba cikin sauƙi ta zama abin tsoro da azahar. Da damina, lokacin da ake feshin auduga, zafin yakan sauka amma laima ta hau, ga hadari da ke haɗuwa da la'asar da iskar da ke juyawa ba sallama. Da hunturu kuma hazo ne ke shafe inda sama ta haɗu da ƙasa, wanda da shi matuƙi ke auna karkatarsa.

Babban abin lura shi ne fasalin gonakin kansu. An ƙera waɗannan jirage ne don filayen Amurka da Brazil da Ostareliya, inda layi ɗaya kan kai kilomita ko fiye, babu ko itace. Wanda ya bi hanyar Parakou zuwa Djougou, kilomita 130 da 'yan kai, abin da zai gani dabam ne: gonar auduga ta hekta 2 ko 3, kusa da ita doya, can masara da dawa, ga lambun kashu, ga kaɗanya da ɗorawa tsaye a tsakiyar kowace gona domin babu mai sare su, ga rugar Fulani, ga rafi, ga turakun waya da manyan wayoyin lantarki da suka taso daga Kara suka bi ta Djougou zuwa Parakou. Gona mai tsawon mita 200 jirgi zai ratsa ta a ƙasa da daƙiƙa 4, sannan ya ɓata rabin minti yana juyowa. Aikin kusan duka ya zama kwana. Tunda a kwana haɗarin yake, ƙananan gonaki suna ninka shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau manomin auduga a Borgou da Donga da Alibori da famfon goyo ko na batir yake feshinsa, kusan sau 6 a damina, duk bayan mako biyu.

Feshin jan-baki ma yana da nasa wahalar. Tsuntsayen sai da magariba suke taruwa a makwancinsu, don haka a wannan ɗan lokacin, haske yana janyewa, ake bin su ƙasa-ƙasa a kan fadama. Maganin da aka fi amfani da shi, fenthion, yana cikin dangin gubar da in ta shiga jiki take tsuke ƙwayar ido, ta kawo jiri da dishi-dishin gani. Matuƙin da ya shaƙe ta kaɗan-kaɗan na makonni, hannunsa da idonsa ba za su yi aiki kamar da ba, kuma shi kansa ba lallai ya lura ba.

Abin da binciken Amurka ya nuna

A Amurka aka fara wannan sana'a, a watan Agusta 1921, lokacin da John Macready ya watsa garin guba daga jirgin soja a kan wata gonar itatuwa kusa da garin Troy a jihar Ohio. Kamfanin Delta, wanda a yau yake cikin manyan kamfanonin jiragen fasinja na duniya, daga feshin auduga ya faro. Saboda daɗewa da kuma al'adar rubuta komai, alƙalumansu su ne suka fi cika.

A 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta fitar da rahoto na musamman kan jiragen noma. Ta ƙidaya haɗurra 802 tsakanin 2001 da 2010, 81 daga ciki da asarar rai. Ta kuma bi diddigin haɗurra 78 na shekarar 2013, waɗanda 9 daga cikinsu suka ci rayuka 10. Da hukumar ta zo taƙaita matsalolin, ba ta tsaya a hannun matuƙi ba. Ta lissafa huɗu: babu jagora kan yadda za a magance gajiya a irin wannan aiki, babu tsarin auna haɗari kafin a tashi, gyaran jirage yana da rauni, kuma gwajin ilimi da ƙwarewar matuƙa ba shi da mizani bayyananne. Duk huɗun a ƙasa ake gyara su, a ofis da gareji da aji.

Batun gajiya ya fi kowanne dacewa da mu. Lokacin feshi gajere ne, tsutsa ba ta jira, manomi yana ta kira. Matuƙi yana tashi kafin asuba don ya riga iska da zafi, ya yi ta lodi da sauka har faɗuwar rana, kwana da kwanaki a jere. Gajiya ba ta hana mutum tuƙi, abin da take yi shi ne ta rage masa saurin lura, ta sa ya yarda da abin da da safe zai ƙi.

Kuskure ne, amma daga ina ya faro?

Haɗurra biyu da mutanenmu ba su manta ba sun nuna yadda abin yake, ko da yake jiragen fasinja ne. Ranar 25 ga Disamba 2003, jirgin Boeing 727 na wani kamfanin ƙasar Gini ya kasa hawa bayan ya taso daga filin Kwatano zai tafi Beirut, ya bugi wani gini a ƙarshen titin jirgi, ya faɗa bakin teku, mutum kusan 140 suka mutu. Binciken da hukumar Faransa ta gudanar ya gano an yi wa jirgin lodin da ya wuce kima, nauyin ya rinjaya gaba, kuma matuƙan ba su da sahihin lissafin abin da suka ɗauka. Rahoton ya ɗora babban kaso a kan rashin tsarin kamfanin da raunin sa idon hukumomi.

Ranar 29 ga Oktoba 2006 kuma, jirgin kamfanin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansu. Jirgin ya shiga iska mai juyawa, aka ɗaga hancinsa fiye da kima, ya saki iska. Rahoton bincike ya ambaci shawarar matuƙi ta tashi cikin mummunan yanayi, amma ya haɗa da cewa horon da aka ba su kan irin wannan iska bai dace ba, kuma kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'ida kan tashi a irin wannan yanayi.

A duka biyun, hannun matuƙi ne ya taɓa sanda a ƙarshe. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka ce kuskuren matuƙi aka yi shiru, an ambaci ƙadangaren an bar tsagar, kuma wanda zai gaji kujerar mamacin zai tarar da ita yadda take: tanki iri ɗaya, biya da hekta iri ɗaya, tashi da asuba iri ɗaya. Ga shi kuma matuƙin feshi shi kaɗai ne a jirginsa, yawanci babu akwatin naɗar bayanai, babu abokin tuƙi, babu fasinja. In ya mutu babu mai ba da labari ta bakinsa, ɗora masa laifi kuwa ba ya jawo wa kowa asara.

Wasu za su ce wannan wanke matuƙa ne, alhali akwai masu ganganci, masu son a ga bajintarsu, masu shawagi a kan ƙauye don burge jama'a. Akwai su, kuma babu tsarin da zai ceci wanda ya ƙi jin magana. Matuƙi shi ne mai hukunci na ƙarshe, kuma haƙƙinsa ne ya ce ba zai tashi ba. Sai dai tambaya ita ce, wa ya ɗauke shi aiki, wa ya ga yana matse kwana wata da watanni bai tsawata ba, wa kuma zai tsaya masa ranar da ya ƙi tashi? Dokar binciken haɗarin jirage ta duniya ta bayyana cewa manufar bincike ita ce hana sake aukuwa, ba raba laifi ba, kuma hikimar ita ce mutane su faɗi gaskiya ba tare da tsoro ba.

Wasu kuma za su ce kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da haka, babu rai da zai wuce lokacinsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana manomi gyara shingensa ba, kuma addini bai yarda a bar sababi a fake da tawakkali ba. Yi wa mamaci addu'a da binciken abin da ya kashe shi ba sa karo da juna.

Famfon goyo da jirage marasa matuƙa

Kada a ɗauka barin jirgi shi ne zaman lafiya. Feshin hannu yana da nasa gawarwakin, sai dai ba sa yin ƙara. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, ma'aikatan gona na Borgou sun tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 37 sanadiyyar maganin endosulfan, wasu wajen feshi, wasu ta abincin da ya gurɓata, wasu ta galan ɗin magani da aka mayar na ruwa. Benin ta hana shi a 2008, duniya ta biyo baya a 2011. Saurayin da ke tafe cikin auduga da famfo a baya, babu takalmi, babu safar hannu, iska tana maido masa da feshin a fuska, shi ma yana cikin haɗari, kuma in ya kwanta ciwo babu hukumar da za ta rubuta rahoto.

Ƙananan jirage marasa matuƙa, masu farfela da yawa, sun fi dacewa da gonakinmu ta fuskoki da dama. Suna tsayawa cak, suna juyawa a wuri ɗaya, suna zagaye kaɗanya, kuma in sun faɗi ba a rasa rai a cikinsu. Amma maganin da suke ɗauka kaɗan ne, batirinsu na 'yan mintuna ne, kuma ba za su iya tarar garken fara mai faɗin kilomitoci ko makwancin jan-baki a tsakiyar fadama kamar yadda babban jirgi ke yi ba. Jirgi mai matuƙi zai ci gaba da aiki a manyan gonakin shinkafa da rake, da kuma ranar annoba. Ranar annobar nan ce ta fi ban tsoro, domin a lokacin ne ake ɗauko jirgin haya da baƙon matuƙi cikin gaggawa, wanda bai san inda waya take ba, bai saba da zafinmu ba, kuma kowa yana matsa masa ya gama.

Abin da ya kamata a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumomin sufurin sama na Benin da Nijar da Najeriya suna buƙatar ƙa'ida ta musamman ga aikin feshi, wadda ta ƙayyade awannin aiki da na hutu a lokacin kaka, da gwajin jini na lokaci-lokaci ga matuƙa da masu lodi don gano gubar magani. Makarantu irin su Kwalejin Horar da Matuƙa Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su ne wurin da ya dace a koya wa matuƙi sakin iska a cikin kwana da jirgi mai nauyi, a can sama inda akwai rata, har jikinsa ya san alamun: rawar da sanda ke yi, da laushin da take ɗauka, da nauyin da ke danna shi a kujera.

Ma'aikatun gona da kamfanonin da ke ba da kwangila su daina biya da hekta zalla, su rubuta a takarda cewa maganin da aka zubar don ceton rai ba bashi ba ne a kan matuƙi. A auna kowane lodi, a rage shi in rana ta take. Kafin jirgi ya zo, a zagaya gonar da ƙafa tare da manoma da mai unguwa, a nuna kowace waya da turke da rijiya da ruga, a sa wa dogayen turaku alama mai launi. Gonar da ta yi ƙanƙanta ko bishiyoyi suka yi mata yawa, a bar wa ƙaramin jirgi mara matuƙi. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Parakou da takwarorinta na Zariya da Maraɗi suna da rawar da za su taka wajen tantance inda jirgi ya dace da inda bai dace ba. In kuma haɗari ya faru, a yi bincike a buga rahoton kowa ya karanta, ko da mutum ɗaya ne ya mutu a bayan gari.

Ga manomi da shugaban ƙungiyar manoma, naku ya fi sauƙi kuma ya fi kusa. Ranar da jirgi ya zo muku aiki, kada ku tsaya a kan matuƙi kuna ƙirga masa lokaci. In ya ce iska ta juya ko zafi ya yi yawa sai gobe, ku karɓa. In kun ga yana faɗaɗa kwana yana ɗaukar lokaci kafin ya juyo, wannan shi ne gwani, shi za ku sake nema baɗi.